Kujerar Hafizu

"Umma, me ya sa idan Hajiya tana nan sai ki manta sunana?"

A ƙofar gidan surukata Hafizu ya yi mini wannan tambayar, da ƙarfi, yana ɗaure a kujerarsa cikin mota, mata suna tsaye suna miƙo kaya. Aka kwashe da dariya. Wata maƙwabciya har da tafa hannu. Ni kuwa na sunkuyar da kai na shiga gyara hular ƙanwarsa Salma, wadda babu abin da ya same ta.

"Ku ji min ɗan nema," in ji Hajiya, mahaifiyar mijina. "Kai ɗan fari ne, maigida. Uwar kirki ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban manya. Ni nan har na aurar da wan ubanka ban taɓa kiran sunansa ba. Ita ma uwarka tana da tarbiyya, shi ya sa."

Gaskiya ta faɗa. A gaban dangin mijina "yaron nan" nake ce masa, ko "kai". Haka na ga ana yi a gidanmu, haka kuma na tarar a nasu.

Motar tamu tsohuwar bas ce da ta gaji da jigilar fasinja. Mijina Mika'ilu mai walda ne a unguwar Fadaman Mada, shi ya saye ta ya cire kujerun baya, ya bar benci ɗaya a bayan direba, ya ƙera gado da kabad a sauran wurin. 'Yan unguwa suka sa mata suna gida mai taya. Burinmu bai wuce idan an je biki ko zumunci a wani gari, yara su kwana a wurinsu cikin gidan sauro ba, maimakon a jibge su ɗaki ɗaya da mutum goma ana tari a kansu.

Shi ya yi aikin ƙarfe, ni na yi tunanin abin da zai shiga ciki. Na sa ya yi wa kowace ƙofar kabad sakata, don na taɓa ganin yadda kwanuka ke tsalle idan mota ta faɗa rami. Ƙaramar tukunyar gas tana da gurbinta da igiya mai ƙarfi, abin kashe gobara yana rataye inda hannuna zai kai ko ina zaune. Akwai fanka mai aiki da sola, da jarkar ruwa mai famfo, da kular sanyi. Akwatin magani kuwa ni na haɗa shi da kaina, har da bandeji da almakashi. Ko buta sai da na sa aka yi mata zoben ƙarfe. Mika'ilu yakan ce da zan samu dama, shi ma sai na ɗaure shi da igiya.

Kujerun yara guda biyu ne suka fi ba ni wahala. Na yi ta zagaye Kasuwar Muda Lawal kafin na same su wajen wani mai gwanjo, wanda ya ɗauka ma kujerun cin abinci ne. Na wanke su, na shanya, na tsaya a kan Mika'ilu har ya kafa su a bencin nan, ɗaya a kowane gefe, wurin zaman babba a tsakiya.

Ranar nan Alkaleri za mu, bikin 'yar ƙanwar Hajiya. Hajiya ta ce ba ta zama gaba, jiri take ji, don haka ta hau bencin tsakanin yaran, ni na koma gaba. Har an rufe ƙofa sai ga wata yarinya da ƙatuwar fanteka cike da dubulan, na gara, wanda aka kwana biyu ana soyawa. Aka duba gado, ya cika da ƙunshin kaya. Aka duba ƙasa, Hajiya ta ce nan za ta miƙe ƙafarta mai ciwo.

Sai ta juya ta kalli Hafizu sama da ƙasa.

"Wai shi wannan laifin me ya yi, kuka ɗaure min miji kamar ragon layya?"

"Don tsaro ne, Hajiya," in ji Mika'ilu.

"Tsaro na Allah ne. Cinyar nan ta kai ka Kano a bayan babbar mota, kana ƙarami, ga ka nan da gemu. Ku kwance shi ya dawo jikina, a ɗora fantekar a nan."

Hafizu ya hau murna yana wutsil-wutsil da ƙafa. "Tsohuwa, kwance ni! Ni ma zan ga shanu!"

"Wa kake ce wa tsohuwa? Yau sai na sake ka na auri mai kuɗi."

Ana ta dariya na juyo na ce, a hankali yadda ya kamata, "Hajiya, da dai an bar shi a ciki. Fantekar sai in riƙe a cinyata."

Dariyar ta tsaya. Maƙwabciyar nan ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah. 'Yan zamani."

"Zinariya," in ji Hajiya, ba ta ko ɗaga murya ba, "yanzu na gama yabon ki. Cinye miki shi zan yi? Ko kin fi ni son sa ne?"

Da a kan Salma ne, da na yi ta magana babu mai cewa komai, don ita ta biyu ce, an yarda in damu da ita. Na kalli Mika'ilu. Ya kalli sitiyari. Can ya ce, "Ba komai, a hankali zan tafi," ya sauka ya zagayo, ya ɓalle maɗaurin da hannunsa. Aka ɗora fantekar a kujerar ɗana. Hajiya ta ce a ja mata igiyar nan kada ta kife, aka ja, na ji ƙarar shigar maɗaurin, ƙyas.

A hankali ya tafi, ba zan yi masa ƙarya ba. Mun fita gari, mun kai Inkil, rana ta ɗan ɗaga, Hafizu yana tsaye a cinyar kakarsa yana nuna garken shanu a bakin titi. Sai wani ɗan maraƙi ya ɓalle daga garken ya yanko titi. Mika'ilu ya taka birki. Bai bugi maraƙin ba, bai bugi kowa ba. Motar ta tsaya cak, shi ke nan.

Tukunyar gas ba ta motsa ba. Kabad bai buɗe ba. Buta tana cikin zobenta. Salma ta buɗe ido ta sake rufewa. Hafizu kaɗai ya fita daga hannun Hajiya kamar an fizge shi, ya daki ƙarfen da ya raba gaba da baya, ya faɗi a kan hannunsa na dama.

Da farko bai yi kuka ba, wannan shirun ne ya fi tsorata ni. Ban san lokacin da na dira daga motar ba.

"Hafizu! Hafizu! Kalle ni, Hafizu!"

Na ja ƙofa na ɗauko shi. Gwiwar hannunsa ta juya inda ba a juyawa, tana kumbura ina kallo. Sai a lokacin ya tsala ihu. Mutane suka taru, masu sayar da rake da masu babur, kowa da abin da yake faɗa. Wani dattijo ya ce akwai mai ɗori a bayan masallacin can, hannunsa da albarka, yanzu zai ja shi ya koma.

"To mu je can," in ji Hajiya. "Miƙo min shi. A ɗaure, mu wuce, kada a ce mun ƙi zuwa biki."

Ta miƙo hannu biyu. Na juya mata baya da yaron a ƙirjina.

"Ba mai jan hannun nan. Asibiti za mu."

"Zinariya," in ji Mika'ilu, "Hajiya ce fa take magana."

"Na ji ta. Hafizu ɗana ne. Juya motar, ko in tari mai babur."

Na buɗe kabad na zaro muciya, na ɗauko bandeji a akwatin magani, na ɗaure hannun a jikinta yadda ba zai motsa ba. Ina yi ina kiran sunansa, shi kuma yana cewa, "Umma, zafi." Mika'ilu ya juya motar. Har muka shigo gari yaron yana kuka.

A asibiti aka ɗauki hoto, aka ce ƙashin ya karye dab da gaɓa, sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Likitan ya tambaya a ina yaron yake zaune. Mika'ilu ya ce a baya. Ni ma ban ƙara komai ba, don Hajiya tana bakin ƙofa tana share hawaye da gefen mayafi.

Dubulan kuwa ya isa Alkaleri da yamma a motar haya. An ce ko ɗaya bai karye ba.

Hajiya ba muguwa ba ce, kada a fahimce ni ba daidai ba. Kullum sai ta aiko da farfesu, ta zo ta zauna a gefen gadon tana lallashin mijinta ya ci. Amma duk wanda ya shigo dubiya abu ɗaya yake faɗa: ƙaddara ce, ko a kan gado yake sai ta same shi. Na amsa da to. Na yarda da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Sai dai na ga ita ma Salma a motar take.

Abin da ya zaga dangi ba karayar ba ce. Labarin da ya kai har Alkaleri shi ne matar Mika'ilu ta tsaya a tsakiyar titi tana kwaɗa sunan ɗan fari, ta juya wa surukarta baya a gaban masu rake. Mika'ilu ya ce in je in ba da haƙuri don a zauna lafiya. Na je, na durƙusa, na ba da. Hajiya ta ce ta yafe, tashin hankali ne ya sa ni. Babu wanda ya ambaci kujera, a ranar ko bayanta.

An cire ƙarfen, an yi ta kai shi gashin ƙashi, amma hannun bai miƙe duka ba. Idan ya ɗaga hannuwa biyu, na daman yana tsayawa a lanƙwashe. Likita ya ce wataƙila ya ƙara sakewa idan yana girma, wataƙila kuma iyakarsa ke nan. Yanzu da hagu yake koyon rubutu, malamar Islamiyya kuma tana faɗa idan ya ci abinci da shi.

Da ƙaramar Sallah muka sake fito da motar, za mu gaida dangi a Dass. Muka biya ɗaukar Hajiya. Hafizu ya sauka ya gaishe ta, ya dawo ya hau kujerarsa da kansa, yana ta kokawa da maɗaurin don hannun ba ya kaiwa. Hajiya ta zauna kusa da shi ta yi ta kallonsa, idonta ya kawo ruwa.

"Kai, wannan wahala. Bar shi, maigida, zo jikina. Wannan karon da hannu biyu zan riƙe ka. Ai ba nisa."

Maƙwabciyar nan tana tsaye, da wasu matan. Mika'ilu yana kallon sitiyari.

Na sauko, na zagayo, na sunkuya a gabansu duka.

"Hafizu, zauna daidai. Kawo hannun." Na zura masa igiyar a kafaɗa, na danna maɗaurin har ya yi ƙara, na ja na tabbatar. "A nan zai zauna, Hajiya. Yau da kullum."

Hajiya ta gyara mayafinta. Sannan ta ɗauki jakarta, ta sauka a hankali saboda ƙafar, ta ce a kira mata mai adaidaita ya kai ta tasha. Mika'ilu ya bi ta yana roƙo, ba ta juyo ba. Har muka isa Dass bai yi mini magana ba. Daga ranar, duk abincin da na aika gidanta dawowa yake yi a rufe yadda na aika shi. Hafizu yana tambaya me ya sa tsohuwa ta daina zuwa, ina ce masa ƙafarta ce.

Ke da kike karanta wannan, idan kuna shirin haɗa irin motar nan, ki sayi sakata da igiya da abin kashe gobara, duk suna da amfani. Amma ki sani kujerar yaro ba ta aiki sai yana ciki, kuma wanda zai ce a fito da shi ba baƙo ba ne, wanda kike jin nauyinsa ne, da murmushi zai faɗa, a gaban mutane. Ki shirya amsarki tun daga gida. Za a ce ba ki da kunya, za a daɗe ana faɗa. Kada ki bari a kunna motar sai kin ji ƙarar maɗaurin a ƙirjin ɗanki, kin ja da hannunki kin ji ya riƙe.