Kukan Amalanke a Siton Mijinyawa

A shagon Alhaji Mijinyawa da ke unguwar Deira a Dubai aka ƙulla maganar, ana kurɓar shayin karak. Alhaji Bakano ne, tsohon ɗan kago, mai haɗa kayan 'yan kasuwa ya ɗaure ya tura Kano, ko ta jirgin sama ko a kwantena. Baƙin nasa wa ne da ƙanwa, Kamal da Bilqis, mazauna unguwar Satwa. Shi Kamal aikinsa haɗa lasifika a wuraren taro, ita kuma injiniyar kwamfuta ce a wani kamfani. In sun tashi daga aiki sai su yi kiɗa, amma nasu babu ganga babu kalangu. Ƙarar abubuwa suke ɗauka da na'ura, su zuba a kwamfuta, su yanka, su ja, su murɗa, har ta koma wani abu daban.

Buƙatarsu ita ce Alhaji ya bar su su ɗauki ƙarar sitonsa na Al Khabaisi. Bilqis ce ta gano wurin ranar da ta kai keken ɗinki za ta aika wa mahaifiyarsu. Ta ji tsohon amalanken ƙarfe yana kuka kamar an taka wutsiyar mage, ƙofar ƙarfe mai naɗewa sama tana gurnani, salatif yana tsuwwa a jikin kwalaye, wata fanka a sama tana ƙwanƙwasawa ba ta gajiya. Ta yi tsaye riƙe da jaka har sai da aka tambaye ta ko lafiya.

Shi kuwa Alhaji suna yake so. Maƙwabcinsa a Al Khabaisi, Alhaji Dikko, wanda suka shekara da shekaru suna ƙwace wa juna kwastoma suna kuma cin abinci a faranti ɗaya, ya sa wani mawaƙi a gida ya yi masa waƙa. Kullum tana tashi a lasifika a bakin ƙofarsa, har Hajiyoyin da ke zuwa sari sun haddace amshin. Wata ma a cikin siton Mijinyawa ta riƙa rera ta tana jiran a auna mata atamfa. Wannan abu ya tsaya wa Alhaji a maƙogwaro.

"Baba Alhaji, mu fa ba ma rera waƙa," in ji Kamal. "Babu kirari, babu yabo. Amma sunan sitonka za mu sa wa albam ɗin, a rubuce a gaba."

Alhaji ya yi murmushi. Ya san mawaƙa tun yana sayar da agogo a tasha, dukkansu da haka suke farawa, sai sun ja aji kafin su saki murya. Ya miƙa wa Kamal hannu, aka shirya za su zo bayan Juma'a. Har sun kai ƙofa Bilqis ta juyo.

"Baba, don Allah kada a taɓa komai. A bar shi yadda yake."

"Khalas, 'yata. Babu komai."

To, Alhaji ya ji maganar sarai, ba kurma ba ne. Sai dai ya ɗauke ta kamar ta baƙon da ya ce kada a ɗora tukunya saboda shi. Wane mai gidan kirki ne zai ji haka ya ƙi ɗorawa? Yarinya ta nuna tarbiyya, saura shi ya nuna tasa. Ballantana abin da duniya za ta ji, ai ba a bar shi da ƙazanta ba.

Washegari ya tashi leburorinsa tsaye. Aka ɗura wa ƙofa giris har ta koma tana zamewa kamar santsin kuɓewa. Aka sauke tsohuwar fanka aka ɗaura sabuwa. Ya sa aka nemo masa wani salatif mai tsada wanda ba ya ƙara in an ja shi. Tsohon amalanke kuwa ya kira masu sayen ƙarafa ya ce su ɗauke masa abin kunya daga gabansa, ya sayo sabo fil mai tayar roba. Aka shimfiɗa darduma, aka turara wuri da turaren wuta. Leburori, Hausawa da 'yan Pakistan, kowa ya sami sabuwar riga, tare da gargaɗin cewa duk wanda ya ɗaga murya gaban baƙi ya kuka da kansa.

Da Kamal da Bilqis suka iso da akwatunan kayan aikinsu, Alhaji da kansa ya ɗaga musu ƙofa da yatsa biyu, don su ga yadda take tashi shiru. Bilqis ta dubi ƙofar, ta dubi yayanta. Ta sa abin ji a kunne, ta ɗaga makirfo, ta zagaya siton a hankali. Wani lebura ya wuce da sabon amalanke cike da kwalaye, ko motsinsa ba a ji, yana tafiya a kan yatsun ƙafa. Ta tambayi inda tsohon yake. Alhaji ya ce ai ta kwantar da hankalinta, ya rabu da shi har abada.

Kamal ya zauna a kan buhun takalma ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Ita Bilqis ba ta yi dariya ba. Ta ce da ladabi, abin da suka zo nema ke nan aka share, yanzu siton ya zama kamar ɗakin jira na asibiti.

Ana cikin haka sai wani kuka ya ratso bango, siriri, mai tsawo, ya hau sama ya karye ya sake hawa. Amalanken Alhaji Dikko ne, tsaran wanda aka yar, don shi da Mijinyawa tare suka saye su tun zuwansu Dubai. Mijinyawa ya ga yadda makirfon Bilqis ya juya ya fuskanci bangon kamar da kansa. Ya ga fuskarta ta washe. Ta tambaya ko siton waye nan kusa.

Nan Alhaji ya gane girman ɓarnar da ya yi wa kansa. Bai fahimci kiɗan yaran nan ba, amma ya san fuskar mai saye in ya ga kayan da yake so a shagon wani. In suka taka ƙofar can, Dikko zai tashi da waƙa da albam, shi kuma ya tashi da darduma. Ya ce siton wani tsoho ne mai faɗan tsiya, ba ya son baƙi. Ya roƙe su su ci abinci su tafi, su dawo jibi, za su sami wurin yadda suka fara ganinsa.

Bayan la'asar ya shiga wurin Dikko. Ya san in ya ce yana son amalanken, ko za a ba shi duniya Dikko ba zai saki ba. In kuma ya kawo sabon a matsayin kyauta, nan ma zai tsargu, don bai taɓa ganin Mijinyawa ya ba da ko igiyar ɗauri a banza ba. Sai ya shigo da fuskar wanda aka ɓata wa rai. Ya ce yana da manyan baƙi masu ɗaukar murya, an kashe kuɗi an gyara wuri, amma wannan tarkacen na Dikko ya hana su aiki, kukansa har cikin na'urarsu.

Dikko ya gyara zama, daɗi ya cika shi. "Habibi, amalankena ne, a sitona yake kuka. In baƙinka ba sa so, su toshe kunne."

Mijinyawa ya yi tsaki, ya yi kamar zai fita, ya dawo. Ya ce to, saboda zaman tare, a yi musanya: Dikko ya karɓi sabon mai tayar roba, ya ba shi tsohon ya kulle. Dikko ya ga wuya ta kama maƙwabci, sai ya fara ƙari. Ya ce ai fankarsa ma tana ƙara, kada baƙi su ji, gara a haɗa da sabuwar fankar. Mijinyawa ya dafe ƙirji. Dikko ya ce salatif ɗinsa ma mai ihu ne, a musanya da mai shirun. Mijinyawa ya ce wannan ai zalunci ne, a ji tsoron Allah. Dikko ya ce ya hango wata darduma ana shiga da ita.

"Kai dai ba za ka ga Annabi da wannan hali ba, Dikko."

"Tare za mu tsaya a layi. Yalla, a kawo dardumar."

Abu ɗaya Mijinyawa ya roƙa a kai, cewa a kashe waƙar bakin ƙofa ranar da baƙi suke nan. Dikko ya ce wannan kyauta ya ba shi. Kafin magariba an kwashe kayan Dikko masu ƙara kaf an kai siton Mijinyawa, Dikko yana tsaye yana ba mutane labarin yadda ya yi wa Bakano wayo. Ƙofa kuwa aka wanke girishin da omo, aka watsa mata yashi, ta dawo da gurnaninta har da ƙari.

Da yaran suka dawo, Bilqis ta tura amalanken taku kaɗan, ta lumshe ido, ta ce wannan ma ya fi na farkon murya. Saura matsala ɗaya. Leburori sun ga makirfo sun zama salihai, kowa yana ajiye kwali kamar ƙwai, suna ce wa juna bismilla. Alhaji ya ce su saki jiki, suka ƙara ƙamewa. Ga kayan wata Hajiya da za su bi jirgin ranar, ga lokaci yana tafiya. Tun yana daurewa saboda baƙi har ya manta da su, ya cire hula ya buga a sikeli.

"Yalla, ku ɗaure shi mana! Jirgin ubanku ne da zai jira ku?"

Nan take sito ya dawo hayyacinsa. Salatif ya ɗauki tsuwwa, kwalaye suka fara faɗuwa tim, ana zagi da Hausa ana ramawa da Urdu, amalanke yana kai da kawowa yana kuka. Kamal da Bilqis suka bi kowane lungu da na'ura har yamma, ba wanda ya ƙara lura da su.

Bayan wasu watanni albam ya fito, da suna a gaba da manyan baƙaƙe: Siton Mijinyawa. Alhaji ya yi odar shinkafa da rago, ya tara 'yan kago da 'yan sari, ya zaunar da Dikko a gaba. Aka kunna. Wani gurnani ya taso daga ƙasa kamar hadari, sai tsuwwa, sai wani ƙwas-ƙwas da ya ƙi ƙarewa. Mutane suka riƙe loma suna jiran mawaƙi ya shigo. Bai shigo ba. Can sai ga muryar Alhaji an yanka ta gunduwa-gunduwa, yalla, yalla, ɗaure, ɗaure, tana tsalle kan kukan amalanke. Dikko ya tambaya a hankali ko lasifikar ce ta lalace, ko kuwa haka aka yi wa maƙwabcinsa kirari. Aka fashe da dariya har wani ya ƙware. Kamal ya tuna wa Alhaji cewa sun faɗa masa tun farko. Alhaji ya ce haka ne, sun faɗa. Kwana da kwanaki in ya ratsa Deira sai ya ji an ce ɗaure, ɗaure, daga bayansa.

Sai dai abin da 'yan kago suka yi wa dariya, wasu can ba dariya suka yi ba. Albam ya bi waya ya shiga ƙasashe. Masu irin wannan kiɗa suka ce ba su taɓa jin an sa wurin aiki ya yi magana haka ba, suka bazama kasuwanni da tashoshi da makirfo suna kwaikwayo. Aka fara gayyatar Kamal da Bilqis wurare, har Kamal ya bar haɗa wa wasu lasifika. Sannan baƙi suka fara sauka daga jirgin ƙasa na metro suna tambayar siton Mijinyawa: Turawa, 'yan Japan, samarin Larabawa masu gashi a tsaye. Su tsaya a yi musu hoto a bakin ƙofa, su roƙi a tura amalanke su ji, wani har da dafe zuciya.

Hajiyoyin sari ba su san albam ba, ba su kuma damu da shi ba. Abin da suka gani shi ne Turawa sun yi layi a ƙofar Mijinyawa, suka ce lallai wurin nan kaya ba ya ɓata. Suka juyo da buhunansu. Waƙar Dikko tana ta tashi a lasifika, mutane suna wuce ta suna shiga maƙwabta.

Ranar da Dikko ya ga wani Bature ya durƙusa yana ɗaukar hoton tayar amalanken, ya matso ya duba da kyau, ya ga tabon waldar da shi da kansa ya sa aka yi. Sannan ya shigo ya ce a warware musanya, ga sabon nan ko ƙwarzane bai yi ba.

"Ai ka ce ka yi wa Bakano wayo," in ji Mijinyawa. "Kowa ya ji. Zauna a kawo maka karak."

Dikko ya zauna ya sha, yana cewa Allah ya isa tsakanin kurɓa da kurɓa. Tun daga ranar, duk baƙon da ya zo sai ya tare shi a hanya ya gaya masa asalin mai amalanken, su kuwa su gyaɗa kai su wuce.

In aka zo lissafi, Kamal da Bilqis sun ci riba, kuma da guminsu. Alhaji Mijinyawa ya sami sunan da yake nema, har inda bai taɓa tura kwali ba, sai dai ya rasa ikon ɗiga ko ɗigon mai a sitonsa, kullum da ciwon kai yake komawa gida, kuma har yau bai iya jin albam ɗin ya kai ƙarshe ba. Alhaji Dikko shi ne ya faɗi, ya sayar da suna ya karɓi darduma. Amma in rana ta take, shi ne ke miƙe ƙafa a kanta, sabuwar fanka tana kaɗa shi shiru, yana jin amalankensa yana yi wa wani kuka ta bayan bango.