Taku Arba'in Daga Gindin Kanya

Ranar Litinin mutumin ya zo, saura kwana goma bikin kaka, lokacin da baƙi ke ƙaranci a wurinmu saboda kowa ya tafi share kaburburan iyayensa. Ni da mijina Dalsu muke da filin kafa tanti da ke bakin tafkin Solmi, shekara ashirin da biyu ke nan. Fili goma sha takwas muka yanka, ga famfo da banɗaki, ga kwale-kwale huɗu na haya, daji kuma ya rufe mu ta baya har kan tsauni.

Zai kai shekara sittin, siriri, mai furfura. Ya rubuta sunansa a littafin baƙi: Om Gitek, daga birnin Busan. Ya ce kwana biyar zai yi, kuma filin da ya fi kusa da daji yake so. Na ba shi mai lamba goma sha takwas, na tsaya daga nesa ina kallonsa. Tantin sabo ne fil, ko takardar kanti ba a cire ba, kuma ya fi awa ɗaya yana fama da shi. Babu ƙugiyar kamun kifi, babu murhun gasa nama, babu kujerar zama a kalli ruwa. Abin da na ga ya sauke daga mota shi ne jakar goyo da wata doguwar sandar ƙarfe mai tsini.

Lokacin songi ne, naman kazan nan mai tsada da ke fitowa a dajinmu. Mutanen gari sun zagaye tsaunin da igiya, kuma bara da aka yi musu sata, baƙinmu suka zarga. Mai unguwa ya riga ya ja mana kunne cewa idan aka kuma, zai sa a toshe hanyar da motoci ke bi su iso wurinmu.

Na sami Dalsu yana ɗaure itacen wuta. Na ce, "Baban Okja, wancan na goma sha takwas bai yi mini ba. Ɓarawon songi ne, ka rubuta ka ajiye."

Ya ce, "Ke dai kowa ɓarawo ne a idonki. Yaya sunansa?"

Na faɗa masa. Ya tsaya da igiya a hannu, sannan ya ce, "Ki ƙyale mutum ya sha iska."

Abin ya ba ni mamaki. Dalsu ne fa, wanda ya taɓa bin wasu ma'aurata har mota saboda sun tsinko furanni uku.

Washegari da sassafe na ga baƙon ya shiga daji da jakarsa da sandarsa. Bai dawo ba sai da rana ta take, wandonsa duk laka har gwiwa. Na dafa masara, na ɗauki uku a faranti na nufi tantinsa, don in ga jakar da kyau.

Na ce, "Sannu da hutawa, Malam Om. Ga ɗan abin taɓawa. An zaga daji ne?"

Ya ce, "Na gode, Inna. Na ɗan miƙe ƙafa."

"Da sandar ƙarfe?"

"Saboda macizai." Ya jawo jakar da ƙafa ya tura ta cikin tanti. Sannan ya ce, "Yaushe kuka buɗe wurin nan?"

Na faɗa masa.

"Kafin nan me ke nan?"

"Gangare ne da ciyawa."

"Wa ya baje muku ƙasar?"

Na ce mai katafila ne muka ɗauko, ya ma rasu. Na koma ɗaki raina ya ƙara dagulewa. Ɓarawon songi ba ya tambayar wanda ya baje ƙasa. Sai na fara tunanin ko ma'aikacin hukuma ne ya ɓad da kama, ko ɗaya daga masu zuwa leƙen filayen bakin ruwa don su gina otal. Da na ba Dalsu labari, sai ya ture kwanon shinkafarsa ya fita.

Rana ta uku na bi shi. Na san dajin fiye da tafin hannuna, don haka na bar masa tazara. Ya tsallake igiyar gari bai ko waiwaya ba. Can sama, kusa da wani babban dutse, ya tsaya ya juya fuskarsa ga tafki, ya fara saukowa yana ƙirga taku. Ya kai wani wuri ya soka sandar a ƙasa, ya zare, ya matsa gefe, ya sake sokawa. Duk wurin ya zama huda-huda.

Na fito daga bayan itace na ce, "Malam, macijin a ƙarƙashin ƙasa yake?"

Ya firgita har sandar ta faɗi.

Na ce, "Ka buɗe jakar nan in gani, ko in kira mai unguwa ya zo da matasan gari. Su ba sa tambaya kafin su yi duka."

Ya dube ni, sannan ya durƙusa ya zuge jakar. Lauje ne a ciki, da kwalbar giyar shinkafa, da busasshen kifi, da tuffa biyu. Kayan gaida kabari. Kunya ta kama ni, amma ban nuna ba.

Ya zauna a kan saiwa ya ce a ƙauyen da ke ƙarƙashin tafkin nan aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu shekara ɗaya kafin a tare ruwa, aka binne shi a gangare inda ruwa ba zai kai ba. Yana da shekara tara mahaifiyarsu ta kwashe su zuwa Busan, ta shiga aikin gyaran kifi, ba ta sake waiwayo nan ba. Yanzu tana kwance a asibiti, shekararta tamanin da takwas, kuma ba ta da magana sai a haɗa ta da mijinta wuri ɗaya.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun ranar da ka zo?"

Ya ce, "Inna, duk wanda ya mallaki fili ba ya son jin akwai kabari a cikinsa. Na so in gano shi tukuna."

Ya zaro wata takarda da tsohuwar ta zana masa. Ga ruwa, ga dutse, ga bishiya a gefensa. An rubuta: taku arba'in daga gindin kanya, ka fuskanci ruwa.

Ya ce, "Dutsen na gani, amma babu kanya. Ko kin san inda take?"

Na sani. Kanya ɗaya ce tal a duk gangaren nan, kuma ba a sama take ba. A jikin dutsen da ke bayan famfonmu take, Dalsu ya sare ta shekarar da muka baje fili. Taku arba'in daga nan zuwa ruwa, ko ban ƙirga ba, fili mai lamba bakwai ne.

Na ce masa, "Ban tuna ba." Na juya na sauko.

A hanya abubuwa suka yi ta dawo mini. Satin da katafila ta yi aiki, rana ta biyu Dalsu ya ce ƙura za ta tayar wa 'yarmu Okja tari, ya sa mu a mota zuwa gidan yayata, muka yi kwana uku. Kuma duk shekara kafin bikin kaka yakan ɗauki lauje ya hau tsauni shi kaɗai, wai zai share hanyar bututun ruwa. Ban taɓa ganin ciyawa ta hana ruwa zuwa ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Na same shi a bakin ruwa yana toshe ɓular kwale-kwale. Wasu 'yan mata biyu na wanke kwanuka a famfo, sai na rage murya.

"Baban Okja, me ke ƙarƙashin lamba bakwai?"

"Tsakuwa da ƙasa. Me kike so ya kasance?"

"Kabarin ubansa yake nema. Taku arba'in daga kanyar da ka sare."

"Kanya nawa ce a duniya? Ke kin cika shiga sharo ba..." Ya haɗiye sauran maganar, ya ci gaba da goga ƙaro a wurin da ya riga ya toshe.

Na ce, "Dube ni. Shekara talatin da biyar muna tare. Me ya sa ka tura ni gidan Yaya?"

Ya ajiye abin hannunsa. Ya juya ya fuskanci ruwa. Ya ce babu dutsen shaida, tudun ma ya kwanta, ciyawa ta rufe shi, ba wanda zai ce kabari ne. Sai da bakin katafila ya tono katako da ƙashi suka sani. Direban ya ce idan aka sanar da hukuma za a tsayar da aiki watanni ana cigiyar dangi, shi kuma ba zai jira ba. Sai Dalsu ya tsince ƙasusuwan ya naɗe a farar takarda, ya sa a tulu, ya kai sama ya binne kusa da maɓuɓɓugar ruwa.

"Ka san ko na wane ne?"

"A lokacin ban sani ba. Bayan shekara wani tsoho ya ce mini nan aka binne wani ɗan gidan Om."

"Ka yi shiru."

"Ina zan same su? Ban wulaƙanta shi ba, Maman Okja. Duk shekara ina share masa ciyawa, ina zuba masa giya."

"Duka ka tsince?"

"Abin da na gani."

Na ce ko ya faɗa masa yau, ko ni in faɗa. Ya ce haka zan tona masa asiri a gaban baƙo? Na ce ai yaran baƙi na kwana a kan lamba bakwai duk ƙarshen mako.

Da la'asar mu uku muka hau. Dalsu na gaba, Malam Om na tsakiya, ni a baya. Kafin mu hau, a gaban tanti Dalsu ya gaya masa komai, kansa a sunkuye, mutumin ya ɗauki jakarsa kawai. Wurin ɗan tudu ne da bai kai gwiwa ba, an share shi tas.

Na zaci zai faɗi ya yi kuka. Bai yi ba. Ya zagaya tudun sau ɗaya ya ce, "Ta yaya zan san mahaifina ne? Kowa zai iya tara ƙasa ya nuna mini don in tafi in bar masa filinsa."

Dalsu ya ce, "Haba Malam, da ƙarya zan yi ai sai in ce ban san komai ba."

"Kwana uku ina nan, kana ganina ina hawa, ba ka ce komai ba. Matarka ma ɗazu ta ce ba ta tuna kanyar ba." Ya waiwayo ya dube ni, na kau da kai. "Faɗa mini abin da ka gani a ciki."

Dalsu ya ce akwai kan lofe na tagulla. Kuma ƙashin ƙafar hagu ya taɓa karyewa, ya ɗoru a karkace.

Malam Om ya kira ƙanwarsa da ke jinyar mahaifiyarsu, ya ce ta kanga wa tsohuwa wayar a kunne, ya buɗe murya muna ji. Ya ce, "Umma, Baba ya taɓa karaya?"

Muryar ta fito a hankali. "Amalanke ya danne shi. Shi ya sa yake ɗingishi."

"Wace ƙafa?"

"Dama."

Ya kashe wayar ya dubi Dalsu. Dalsu ya ce shekara ashirin da biyu ne fa, kuma ƙashi ba ya zuwa da rubutun hagu ko dama. Malam Om bai zuba giyar ba, bai rusuna ba. Ya ce kada wanda ya taɓa wurin, ya ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ya kwance tantinsa a yammacin ya tafi.

Bayan biki ya dawo da takardar izini, da ƙanwarsa, da ma'aikata biyu. Suka tono tulun, aka kai ƙashi gwaji a birni. Sati uku muka yi muna jira, ni da Dalsu ba mai cewa wani komai sai maganar aiki. Sakamako ya nuna mahaifinsu ne. Ƙafar ma ta dama ce, tsohuwa ta fi Dalsu gaskiya. Amma masu gwajin sun ce ƙasusuwan ba su cika ba.

Saboda haka ranar wata Asabar aka kwashe tsakuwar lamba bakwai, baƙi na tsaye da kofunan shayi suna kallo, mai unguwa ma ya zo. Dalsu ya karɓi shebur daga hannun ma'aikaci ya shiga ramin da kansa. Suka yi ta tankaɗe ƙasa da rariya har rana ta karkata. An sami 'yan ƙasusuwan yatsu, da haƙora huɗu, da maɓallin riga. Ƙanwar ta karɓa da hannu biyu tana kuka.

Malam Om bai kai ƙara ba, ko da yake mai unguwa ya ce yana da iko. Da za su tafi Dalsu ya rusuna masa har ƙasa. Shi kuwa ni ya duba ya ce, "Masarar nan ta yi daɗi, Inna," ya shiga mota. Tsohuwar ta rasu da sanyi ya shigo, ƙanwar ce ta bugo ta gaya mini, ta ce an haɗa su wuri ɗaya.

Ranar da muka mayar da ƙasa a ramin, ina riƙe da baro Dalsu na zubawa, na ce, "Baban Okja, gangaren nan babba ne, kuma ƙauye guda ne ya zauna a ƙasansa. Shi kaɗai katafila ta tono?"

Ya ce, "Shi kaɗai."

"Ka tabbata?"

"Sau nawa zan faɗa miki?"

Na ce to. Muka ƙarasa cike ramin, ya tafi wanke shebur a bakin ruwa. Har yau ban yanke ko na yarda da shi ba.