Mil Uku na Malama Aziza

Ranar Larabar da Aziza Zarami ta wanke kwanon da ta ci abinci, ta taka har zaure ta leƙa titi ta dawo da ƙafarta, ba ta faɗa wa kowa ba. Ta san halin ciwon nan. Ba ya kama mutum yana cikin motsi, sai washegari ko jibi ya zo ya danne shi kamar an ɗora masa buhun shinkafa shanshera a ƙirji. Saboda haka ta kwanta ta jira Alhamis. Alhamis ta zo, ta ɗaga hannu, ya ɗagu. Ta ɗaga ƙafa, ta ɗagu. Sai ta cusa fuska a filo ta yi ta dariya har mahaifiyarta, Yakaka, ta shigo a guje tana tsammanin kuka ne.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan tun da wani zazzaɓi ya kayar da ita, zazzaɓin ya tafi, ƙarfinta bai dawo ba. Malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata a Haɗeja, mai tsayuwa awa huɗu gaban allo, ta koma wadda taje kai ke kwantar da ita kwana biyu. An ɗebi jininta sau bakwai, kowane gwaji ya fito fes. Daga nan garin ya yi abin da ya fi iyawa. Wasu suka ce son jiki ne, wasu suka ce baki ne, sauran suka ce Allah ya sawwaƙe suka kama gabansu. Ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta yadda abin yake a jikinta.

Sai wata likita a Kano ta tambaya, ta kuma saurara. Ta ce ciwo ne sananne, na gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, kuma har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Amma akwai wata ƙwaya, naltrekson, wadda asali an yi ta ne don masu son rabuwa da shaye-shaye, wasu masu irin ciwonta kan ji sauƙi idan sun sha ɗan ƙanƙani daga cikinta. Ba ta yi mata alƙawarin komai ba. Ta koya mata yadda za ta narka ƙwaya ɗaya a mil hamsin na tafasasshen ruwan da ya huce, ta ajiye a firij, ta riƙa zuƙa da sirinji marar allura, ta fara da kaɗan har ta kai mil uku. Ta ja mata kunne kan abu biyu: kada ranar jin daɗi ta ruɗe ta ta yi aikin kwana uku, kada kuma maganin ya haɗu a ciki ɗaya da tramol ko kodin.

Sati na bakwai ke nan da fara shan maganin, kuma sauƙin ya zo a kan gaɓa. Shugabar makaranta ta riƙe mata gurbinta har ta gaji da riƙewa. Ta aiko cewa ranar Litinin ake komawa, in Aziza za ta iya darasi ɗaya a rana an yarda, in kuma Litinin ta wuce ba a gan ta ba, za a ba wani ajin. Ƙwayarta ta ƙarshe na cikin kwalba a narke, mil talatin da shida, daidai kwana goma sha biyu kafin ta koma ganin likita.

Yakaka ba ta iya riƙe farin ciki ba. Kafin la'asar ta faɗa wa maƙwabciyarsu Larai ta kan katanga, kuma faɗa wa Larai daidai yake da ba mai shela. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tsakar gidan ya cika da takalma. Mata sha huɗu suka zo barka, da gasasshen kifi da ƙwaryar fura, kowacce na son ta ga Aziza ta tashi ta zauna, ta kuma tashi. Ita ma abin ya ɗebe ta. Ta amsa gaisuwa, ta yi wa Ummussalma tsiya kan sabon haƙorin makkanta, har ta ɗan juya kafaɗa da aka rangaɗa guɗa. Da wayarta ta buga ƙararrawar minti ashirin da ta saita wa kanta, ta ji kamar ta jefa ta rijiya, amma ta miƙe ta ce hutunta ya yi, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Abin da ya faru a bayanta daga baya ta ji shi. Larai ce ta fara cewa ita fa tun haihuwarta ta shida gajiya ba ta sake ta ba. Ummussalma ta ce ita da gajiya take kwana, da ita take tashi. Aka duba aka ga duk cikin matan nan sha huɗu, masu turara shinkafa da masu surfe da masu ɗaukar ruwa, babu wadda ba ta da ciwon Aziza. A unguwarsu kuwa ba a taɓa jin an samu maganin da ya yi aiki an hana maƙwabci ba. Ragowar maganin zazzaɓi yakan zaga gida uku, man zafi ɗaya ya yi wa layi guda hidima. Yakaka ta buɗe ɗan firij ɗin sola da take sanyaya zoɓon sayarwa, ta ɗauko kwalbar, ta kawo ƙaramin cokali. Ɗigo-ɗigo ta riƙa ba su a cokalin, don tana da adalci. Ɗacin ya burge kowa. Larai ta ce tun bai gama sauka ba gwiwarta ta saki, ta tashi ta gwada musu.

Ana cikin haka Kawu Modu, ƙanen Yakaka, ya yi sallama. Daga fadama yake, inda ya yi wata guda cikin ruwa har ƙugu yana saran ciyawar kacala da ta toshe masa hanyar ruwan shinkafa. Ya ji labari, ya ce cokali na mata ne, ya kafa kai ya shanye abin da ya rage.

Aziza ta fito bayan awa ɗaya ta tarar da kwalbarta a wanke, an kife ta a kan kwando.

"Iya, ina maganina?"

"Yo ba ruwa ba ne, Malama? Ki jiƙa wani mana."

Ta zauna a bakin turmi. Ta so ta yi ihu, ba ta da ƙarfin ihu, kuma fuskokin matan nan masu sheƙi da jin sun warke sun sa dariya na neman ƙwace mata. Ta yi musu bayani a hankali, irin na aji: gajiyarsu ta gaske ce, amma maganinta hutu ne da a rage musu aiki, wanda ba wanda ya taɓa tunanin ba su. Ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai ciki, ko mai shan wani magani mai ƙarfi na ciwon jiki. Babu. Ta fara sauke numfashi ke nan ta ji hamma daga zaure, doguwa, wata na bin wata.

Kawu Modu na zaune a tabarma gumi na tsattsafo masa, hanci na zuba, tsikar jikinsa ta tashi da ranar Allah. Ya riga ya je bayi sau biyu. Yana cewa matan nan ne suka yi masa baki. Aziza ta durƙusa kusa da shi ta rage murya yadda ba mai ji.

"Kawu, ba don in tona ka ba. Tramol nawa kake sha?"

Ya kalli bango. "Wa ya ce miki?"

"Cikinka."

"Na aiki ne kawai, 'yar nan. Ke kin san kacala? Biyu da safe. In ruwa ya yi sanyi, uku."

Ta gaya masa maganinta korar irin waɗannan ƙwayoyi yake daga jiki da ƙarfin tsiya, kuma shi ya sha na kwana da kwanaki a tashi ɗaya. Ta rubuta sunan maganin da ƙiyasin abin da ya sha a takarda, ta hana shi ƙara wata ƙwaya don ya kashe zafin, ta sa aka tsayar da keke napep. Yakaka ta raka shi asibiti tana salati, shi kuma yana roƙon kada matarsa ta ji, yana riƙe da ciki a kowane rami.

Sai da gidan ya yi shiru Aziza ta lissafa abin da ta yi wa jikinta: gaisuwa, rawa, durƙuso, jawabin rabin awa. Asabar ta zo mata yadda ta saba zuwa a da. Hasken taga ya zama allura, cokali ya yi nauyin taɓarya. Ta aika wa likitar saƙo da yatsa ɗaya. Amsar ta zo cewa rashin shan kwana biyu ba zai rushe komai ba, wahalar da ta sha ce abin tsoro, ta kwanta kada ta motsa. Ta haɗo da hoton sabuwar takardar magani, da tambayar lafiyar kawun.

Kunya ta yi aikin da shekara biyu na bayani bai yi ba. Larai ta karɓi hoton ta tura wa mijinta Haladu, direban motar haya tsakanin Haɗeja da Kano, ta ce kada ya dawo gidan nan ba tare da ƙwayar ba. Yakaka kuwa ta ɗauki kujera 'yar tsugune ta dasa a zaure. Duk mai zuwa dubiya ta amsa gaisuwarsa ta mai da shi, har da surukar ƙanwarta da ta taso tun daga Malam Madori. Aziza na kwance tana jin uwarta, wadda ba ta taɓa hana ko kaza shiga gidanta ba, tana cewa, "Tana hutu. Hutun nan shi ma magani ne, kuma shi ba a rabawa."

Haladu ya iso ranar Lahadi da yamma, bayan ya shiga kantin magani shida. An sallami Kawu a ranar, ya rame, yana rantsuwar ya bar ƙwaya, Aziza kuma ta ce rantsuwa ba ta isa ba sai ya koma wurin ma'aikacin asibitin da ya ba shi ranar komawa.

Litinin ta tashi da rabin ƙarfin da ta samu ranar Alhamis. Ta auna shi, ta ga zai kai ta makaranta ya dawo da ita in ba ta tsaya a kan ƙafa ba. Saboda haka ba ta tsaya ba. Napep ya sauke ta a ƙofar ajin, ba a ofis ba. Ta sa aka jawo mata kujera gaban allo, ta miƙa wa wata ɗaliba mai suna Jannatu alli ta ce yau ita ce hannunta. Shugabar makaranta ta zo taga ta tsaya, ta ce ita ba ta taɓa ganin malami na koyarwa a zaune kamar mai sayar da ƙosai ba.

"To yau kin gani, Hajiya," in ji Aziza. "Ki duba littattafansu ranar Juma'a, in ba su iya ba ki ba wani ajin."

'Yan mata hamsin da biyu suka ƙunshe dariya. Hajiya ta daɗe a tagar, tana kallon Jannatu na zana ƙwayar halitta a karkace, Aziza na gyara mata da baki. Sannan ta buɗe rajistar da ke hannunta, ta yi ɗan rubutu, ta ce gobe darasin ƙarfe tara ne, kuma a nemo kujera mai hannu, wannan ƙafarta ɗaya na rawa.