Ƙumbar Auren Zélie

Ina tsoron teku idan ya yi shiru, kuma shiru na tarar ranar da na sauka ƙauyenmu domin auren ƙanwata Zélie. Ruwa ya janye ya bar laka, dangi suna tsugune suna tonon ƙumbar teku suna cika bokitai, abincin da za a ba baƙi washegari.

Na bi gaɓa, takalmina a hannu. Bayan wani kifaffen kwale-kwale na ga tsuntsayen ruwa a kwance, babu rauni, babu jini. Ɗaya yana da sauran numfashi, amma ya kasa ɗaga wuya. A inda na yi difloma an koya mana cewa ruwa kan kawo wani dafi, ƙumba ta sha ta riƙe, kuma wuta ba ta kashe shi.

"Kawu Aurèle, ka ga tsuntsayen can?" na tambayi ƙanen mahaifiyata.

"Na gani, likita bokan Turai," in ji shi. "Kai da ko sauro ya cije ka sai ka yi wasiyya!"

Matan suka kwashe da dariya. Kawu ya ɓare ƙumba ɗaya da wuƙa, ya goga namanta a leɓe kamar yadda kakanninmu suke gwada ko akwai dafi. Leɓen nasa kuwa gishiri da taba sun daɗe da mayar da shi ƙirgi.

"Lafiya lau. Ungo, gwada, in ba za ka suma ba."

Na goga. Jim kaɗan leɓena na ƙasa ya fara tsikari, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na san halina. Fargaba takan sa mini irin haka. Na cije wurin. Da ƙyar na ji haƙorina.

Zélie ta ƙaraso, laka har gwiwa, ta dubi fuskata.

"Yaya, don Allah kada ka fara. Surukaina suna hanya, ba mu da wani abincin. Mama ma ta riga ta ɗora tukunyar ƙumba, ita za ta fara ɗanɗanawa."

Na ɗaga kai. Hayaƙi yana tashi daga gidanmu.

"Kawu," na ce, harshena yana nauyi, "zan je in sauke tukunyar nan in zubar, bokitan nan kuma teku zan mayar da su. Wanda zai mare ni ya same ni a gida."