Kifin Madam Marjatta

Ɗana Midhat ne ya tayar da wannan rigimar, Allah ya shirye shi. Tun da mahaifinsa ya rasu, duk wayar da zai bugo daga Alƙahira maganar ɗaya ce: in sayar da gidan nan namu na unguwar Bahari a Iskandariyya, in koma wurinsa. "Mama, fanshon Baba ba ya isar ki, komai ya yi tsada. Ga ɗaki na gyara miki." Na ga ɗakin. Can ƙololuwar bene yake, in ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai shanyar maƙwabta. Ni da aka haifa ina jin ƙugin teku, a kai ni can in yi me? In zauna ina kallon motoci?

Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan magana ɗaya. Zan sa ɗan haya a saman benenmu. In kuɗin haya ya riƙe ni, na zauna. In bai riƙe ni ba, zai turo mota a kwashe kayana, kuma ba zan ce uffan ba.

Haka Madam Marjatta ta shigo hannuna. 'Yar ƙasar Finland ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, doguwa, gashinta fari fat kamar auduga. Mijinta ya mutu, ba ɗa ba jika. A can ƙasarsu fanshonta ba ya wuce kuɗin ɗumama ɗaki da dankali, sai ta ji an ce a Iskandariyya mutum zai rayu da ɗan abin hannunsa, ga rana ga teku. Ta iso da akwati biyu da Larabci irin na masu karanta labarai a talabijin. Ranar farko ta tsaya gaban Fatiyya mai kayan miya ta ce, "Ya ke baiwar Allah mai daraja, ina muradin tumatir." Fatiyya ta juya tana neman wadda ake yi da ita.

Abin ya fara ne a wurin Baffa Shahata mai kifi, wanda teburinsa ke kusurwar layinmu tun ina amarya. Madam ta nuna kifin da take so, ya auna, ya kankare, ya naɗe mata a takarda. Ta buɗe jaka. Shi kuwa ya dafa ƙirji yadda aka saba, ya ce, "Haba Madam, bar shi kawai. Ai kin haskaka mana unguwa."

To, ko yaron goye ya san abin da ke biyo bayan wannan. Kai ka ce wallahi sai ka karɓa, shi ya ce a'a, ka sake rantsuwa, sannan ya faɗi kuɗin, in ya yi yawa ma ku yi ciniki har da ɗaga murya. Madam Marjatta dai ta rufe jakarta, idonta ya ciko da hawaye, ta yi masa godiya irin ta talabijin, ta ɗauki kifinta ta tafi.

Bayan la'asar sai ga Baffa Shahata a ƙofata, yana murza hula a hannu.

"Maman Midhat, baƙuwar nan taki, lafiyarta ƙalau kuwa?"

"Me ta yi?"

"Na ce ta bar shi."

"To?"

"Ta bari!"

Na yi dariya har na dafa bango. Na ɗauko kuɗi na biya shi, na ce kuskure ne na baƙunta, ba za a sake ba. Ashe somawa aka yi. Girgis mai guga ya goge mata riguna, ya ce bar shi, ta bari. Fatiyya ta ce bar shi, ta bari. Mai gurasa, mai gyaran takalmi, har direban tasi da ya biyo ta ƙofar gida yana ta danna oda, ita kuma tana ɗago masa hannu daga baranda tana murmushi. Duk ni suke zuwa wa, tun da a gidana take. Kullum da yamma sai ta sauko shan shayi, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka, tana cewa, "Maman Midhat, an gaya mini garin nan da araha, amma ba a gaya mini rabin gaskiyar ba. Ban taɓa ganin mutane irinku ba."

Me zan ce mata? In ce karamcin namu a baki yake? Kunya ta hana ni. Ga kuma tsoro, wanda ya fi kunyar ma. Matar nan arha ce ta kawo ta. In ta san ainihin abin da kifi da guga da tasi ke ci, sai ta kwashe akwatunanta, ni kuma motar Midhat ta zo ta kwashe nawa. Don haka na ja bakina na yi shiru. Kuɗin haya ya shigo ta ƙofa, ya fita ta taga ya nufi teburin Baffa Shahata. Kuma Madam ba ta san kifin talaka ba. Tun da kyauta ne, ai sai ta nuna manyan nan masu jan ido, da jatan lande masu girman yatsa. Ni da nake biya, wake da gurasa nake karyawa da su.

Da na ga ba dama, na tari Baffa Shahata da sassafe.

"Baffa, don girman Allah, in ta zo ka faɗi kuɗin kawai. Kada ka ce ta bar shi."

Ya dube ni kamar na zagi ubansa. "In miƙa hannu haka kurum, kamar injin banki? Ubana bai yi ba, kakana bai yi ba."

"Ubanka da kakanka ba su haɗu da 'yar Finland ba."

Ya yi alkawari zai gwada. Na laɓe bayan tulin kankana na Fatiyya ina kallo. Madam ta zo, ta zaɓa, ya auna, ya naɗe. Ta buɗe jaka, don kullum sai ta buɗe, baiwar Allah ba ta da mugun nufi. Baffa Shahata ya cije leɓe. Gumi ya karyo masa. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya goge wuƙa a riga. Hannunsa ya fara tafiya ƙirji da kansa, ya sa ɗaya hannun ya riƙe shi. Sai kawai na ji, "Ha... haba Madam, bar shi."

Da ta wuce na fito na ce, "Allah ya isa, Baffa!" Ya ce, "Wallahi Maman Midhat, fita ya yi. Kamar atishawa."

Ana cikin haka Midhat ya bugo. Yaron nan tun yana ƙarami hancinsa ke shinshino abin da aka ɓoye. "Mama, kin ce haya tana shiga. To me ya sa mai kantin magani ya ce kin rage maganin hawan jini zuwa rabi?" Na ce masa lafiya ce ta samu. Ya ce ƙarshen wata zai zo ya ga wannan lafiyar da idonsa.

Washegari Madam ta sauko da rawar jiki, ko zama ba ta yi ba ta ce tana da albishir. Ƙawayenta uku, duka tsofaffin ma'aikatan asibiti, sun yanke shawarar su ma su dawo nan. "Na faɗa musu kada su damu da kuɗin abinci. Na ce a nan in dai mutane sun san ka, kifi kyauta ne."

Saura kaɗan kofin shayi ya suɓuce mini. Turawa huɗu, kowace da bakinta, kowace na nuna jatan lande! Na yafa mayafi, na kama hannunta na ce, "Taho. Ki tsaya gefena, ki buɗe ido, kada ki ce komai."

Muka je wurin Baffa Shahata. Na nuna ƙananan kifin nan sardin, ya auna. Na fito da kuɗi.

"Haba Maman Midhat, bar shi."

"Wallahi sai ka karɓa."

"Ai gida ɗaya ne, ki bari."

"Na rantse ba zan ɗauka ba sai ka karɓa."

"To, tun da kin rantse." Ya faɗi kuɗin.

"Kai, ka ji tsoron Allah! Kifin jiya ne fa!"

"Na jiya? Yanzu ya gama salati a cikin ruwa!"

Na rage, ya ƙara, na biya, ya sa a aljihu, muka yi wa juna fatan alheri. Na juyo na dubi Madam. Fuskarta ta yi ja tun daga wuya har kunne. A hankali ta ce, "Kullum haka ake yi?"

Na ce kullum.

"Kowa da kowa?"

"Har mai haƙa kabari."

Ta juya ga Baffa Shahata. "To kifin da na ci tun zuwana, asara ka yi?"

Na zare masa ido, na yi masa alama da gira, amma mutumin da ya kasa riƙe kalma biyu, ina zai riƙe asiri? Ya ce, "Ko kusa, Madam. Ai Maman Midhat na biya, Allah ya saka mata. Da ni, da Girgis, da Fatiyya, duk ba mu bin ki ko sisi."

Ta juya ta nufi gida da dogayen ƙafafun nan nata, ina bin ta da sardin a hannu ina haki. Ta hau sama ta rufe ƙofa. Ba ta sauko shan shayi ba ranar, ba ta sauko washegari ba. Abin da kawai nake ji a saman kaina shi ne jan akwati, ƙiiii, daga wannan bango zuwa wancan. Na zauna a baranda ina kallon jiragen masunta, zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, Bahari, sai wata rana. Har na fara tunanin wa zan bar wa tukwanen na'ana'ata.

Da abin ya ishe ni, na soya albasa har ta yi duhu, na dafa shinkafa a ruwanta, na soya sardin ɗin da kayan ƙamshi da tafarnuwa, na hau sama da faranti. Ban ƙwanƙwasa ba, gidana ne. Na same ta zaune a bakin gado, akwatunan a buɗe, rabin kaya a ciki rabi a waje, idonta ya kumbura.

Na ce, "In kuɗin ne, Madam, a yi magana. Sai mu rage hayar kaɗan."

Ta girgiza kai. "Ba kuɗin ba ne. Na duba, zan iya. Da ƙyar, amma zan iya, in na koma cin ƙananan nan irin naki. Kuma abin da kika biya zan mayar miki." Ta shiga murza bakin zanin gado. Larabcin talabijin duk ya gudu, sai 'yan kalmomi kamar na yaro. "Tun da Eero ya mutu, mijina, ba wanda ya ba ni komai. Ko furen kallo. A gidan da nake can, shekara da shekaru, maƙwabcina bai san sunana ba. Na zo nan, kowa yana dafa ƙirji yana ce mini bar shi. Na ɗauka sona ake yi."

Wallahi sai na ji kamar an soka mini allura. Ni kuma in abu ya taɓa ni, faɗa nake yi.

"Ke! Ki dube ni da kyau. Kin ga na yi kama da mai kuɗin zubarwa? Da haya kaɗai nake so, ai da tuni na sa ɗalibai, su biya su yi ta tsalle a kaina. Wa ya hana yaran layi yi miki waƙa? Girgis ne. Wa ke ɓoye miki tumatir masu kyau a ƙarƙashin tebur? Fatiyya, kuma ni da muka yi shekara talatin tare ba ta taɓa ɓoye mini ba. Shahata kuwa tun jiya yake aiko mini da tambaya ko kin ci abinci, ya hana ni sakat."

Ta share hanci. "To ta yaya zan riƙa gane na gaskiya?"

"Na gaskiya ba a tsayawa yi miki jawabi. Matsa nan." Na ture akwatin da ƙafa, na dangwara farantin a kan cinyarta. "Ci, kafin ya huce."

Ta fara da cokali, kamar mai shan magani. Can na ga ta ajiye shi ta sa hannu, tana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ina tsaye, ina jiran in ji ko zama za ta yi ko tafiya. Sai da ta share farantin tas, ta lashe yatsu, sannan ta ɗaga kai ta dubi tagar da ke fuskantar teku.

"Maman Midhat, wannan tagar ba ta rufuwa sosai. An ce in hunturu ya zo, ruwa da iska a garin nan ba wasa."

Na ce haka ne.

"To a kira kafinta tun yanzu. Ba na so in kwana cikin ruwa."

Na zauna a kan akwatin nata, na ja gefen mayafi na rufe fuska, na yi kuka mai isata, ita kuma tana bubbuga bayana da hannun da ke ƙarnin kifi.