Sandar Awo a Cikin Laka

Dam ɗin na ƙasashe biyu ne, domin kogin da aka tare shi ne iyakarsu. Magudana biyu suka fita daga jikinsa, ɗaya ta nufi gonakin wannan ɓangare, ɗaya ta nufi na tsallake. Dattawan da suka ƙulla yarjejeniyar rabon ruwan, Allah ya jiƙansu, sun yi dabara mai kyau. Kowace safiya injiniya ɗaya daga nan, ɗaya daga can, za su tsaya tare gaban sandar awo da aka kafa a bakin tafkin, su karanta lambar da ruwa ya kai, da ita kuma ake ba kowa rabonsa. Abin da ba su gani tare ba, ba awo ba ne. Abu ɗaya dattawan suka manta. Sun ɗauka sama za ta ci gaba da zubo ruwa kamar yadda ta yi wa iyayensu.

Injiniya, kamar yadda kowa ke kiranta har da mahaifiyarta in tana jin tsokana, ita ce idon wannan ɓangare. Abokin aikinta na tsallake wani dogon dattijo ne da ake ce wa Mai Laima, saboda bai taɓa fitowa babu laima ba, ko da kuwa damina ta yi shekaru tana yaudarar mutane. In ta tsokane shi sai ya ce, "Ranar da za a yi ruwan, ke ce za ki fara roƙona."

Bana ruwa ya yi ta ja da baya, har wata safiya suka tarar da sandar awo tsaye a busasshiyar laka, ruwan yana can nesa ya bar ta. Suka dubi juna. Dokar aikinsu ta ce a faɗi abin da aka gani a jikin sanda kawai, su kuwa ba su ga komai ba. Sai kowannensu ya aika wa manyansa cewa yau babu awo. Gobe ma haka, jibi ma haka. Su a ganinsu gaskiya suke tsarewa. A manyan birane kuwa, inda babu wanda ya taɓa taka lakar nan, sai kowa ya fahimta cewa ɗaya ɓangaren ne ya hana a auna don yana satar ruwa. Gidajen rediyo suka ɗauka suka ƙara gishiri. Kafin wata ya ƙare, motocin soja sun jeru a kowane gefen dam.

Wanda ke jagorantar sojojin wannan gefe kuwa ƙanenta ne, autan gidansu, wanda ta goya a bayanta. Yanzu Kyaftin ake ce masa, har da gashin baki.

Da hantsi Jakada ya kira ta. Shi ne ke jagorantar tawagarsu a teburin sulhu, kuma muryarsa ta dishe don magana.

"Injiniya, an ce ki tattara kayanki ki bar wurin. In an tashi zaman yau ba a cimma komai ba, soja za su karɓe ƙofofin sakin ruwa na dam."

"Ranka ya daɗe, in sun taɓa ƙofofin, na tsallake ba za su tsaya kallo ba."

"Na sani. Amma me zan ɗora a kan tebur? Su suna cewa mun sha ruwansu, mu muna cewa sun sha namu. Kowa da hoton da ya ɗauko daga sama, kowa yana cewa na ɗan'uwansa ƙarya ne. Da ina da lamba ɗaya wadda mu da su muka gani tare, da na riƙe su."

"In na kawo lambar fa?"

"Ba a ba ki izini ba," in ji shi. "Amma wayata a kunne take."

Ta ajiye wayar, haushi ya cika ta, kuma haushin kanta ta fi ji. Ita da Mai Laima sun tsaya suna gadin sandar ƙarfe a cikin laka har ana neman kashe 'ya'yan mutane. Ta shiga ɗakin ajiya ta jawo sabuwar sandar awo da ƙura ta rufe, ta ɗauki guduma da na'urar daidaita tsayi mai ƙafa uku, ta sa takalman roba. Sannan ta kira Mai Laima.

"Baba, an ce ka tafi?"

"Tun jiya. Ina ta neman makullin akwatina ne, ban gani ba."

"To ka daina nema. Zan shiga tafkin in kafa sabuwar sanda. Ni kaɗai in na karanta, banza ce."

"A tsakiya kaɗai ruwan ya saura, 'yata. Kin san nan ce iyaka, kuma bindigogi na kallon wurin."

"Shi ya sa nake son mu shiga tare, rana tsaka, kowa na gani."

Ya yi tsaki. "Bari in ɗauko laimata."

A bakin gangara Kyaftin ya tare ta. Motoci na bayansa suna ta ruri ba a kashe su ba, yaransa sun zuba musu ido.

"Madam, an rufe nan," ya faɗa da ƙarfi don su ji. Sai ya matso ya rage murya. "Yaya, don Allah ki koma. In wani yaro a can ya tsorata ya harba fa?"

"In na koma, wa za a tura gaba da yamma? Ba kai ba?"

"Aikina ne."

"Ni ma wannan nawa ne. Auta, umarnin da aka ba ka na ƙofofi ne. An ce ka hana mace shiga taɓo?"

Ya ciji leɓe, idonsa ya yi ja. Ta san fuskar nan tun yana rarrafe. Ya juya ya daka wa yaransa tsawa cewa duk wanda ya ɗaga bindiga sai ya gamu da shi. Ita kuwa ta saɓa sandar a kafaɗa ta gangara.

Da farko lakar busasshiya ce, ta tsattsage, ƙasusuwan kifi a warwatse. Can gaba ta fara laushi, tana kama takalmi, tana wari. Tsoro take ji, ba ƙarya, har bayanta na yi mata ƙaiƙayi don tunanin bakin bindiga. Amma da ta ɗaga kai sai ta hango baƙar laima tana gangarowa daga tsallake, a hankali, kamar mai zuwa gaisuwa.

Ba a kafa sandar awo da ka. Dole sabuwar ta ɗora daga inda tsohuwar ta tsaya, in ba haka ba lambar ba ta da asali. Suka girke na'urar a tsakani. Mai Laima ya leƙa, ita ta shiga ruwa har gwiwa tana riƙe da sanda. Yana cewa ƙara ƙasa, tana buga guduma, ƙarar tana kaiwa gefen biyu. Takalminta ɗaya ya maƙale a taɓo, ta bar shi a nan. Da ya gamsu, sai suka yi musanya kamar yadda aikin ya gada, ita ta leƙa, shi ya riƙe. Sannan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka karanta.

Ruwan bai kai ko rabin abin da kowace ƙasa take zargin an ɓoye mata ba. Babu ɓarawo. Rana ce ta sha, sama kuma ba ta mayar ba.

"Ka gani?" ta ce.

"Na gani. Ke fa?"

"Na gani."

Kowannensu ya ciro waya. Ta faɗa wa Jakada lambar, ta miƙa wa Mai Laima wayar ya maimaita da bakinsa, shi ma ya miƙo mata tasa ta faɗa wa mutanensa.

"Injiniya, kin san abin da wannan ke nufi?" in ji Jakada. "Dole kowa ya rage. Manomanmu za su tsine mana."

"Su tsine, ranka ya daɗe, suna da rai."

"To. Bari in koma ciki."

Ba su fito daga lakar ba. Suka tsaya jikin sandar, Mai Laima ya buɗe laimarsa a kansu, ita kuma ba ta tsokane shi ba. Rana ta karkata, ƙafarta mara takalmi ta yi sanyi har ta daina jin ta. Can sai rurin motocin tsallake ya ɗauke. Jim kaɗan na wannan gefen ma suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Da ta hauro, Kyaftin na jiranta, ya cire hularsa. Ya riga ya ji labarin an yi sulhu, an rage wa kowa rabon ruwansa. Shi ma ya san gonar kayan lambun mahaifiyarsu tana can ƙarshen magudana, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha. Da gonar nan aka biya musu makaranta su biyun.

"Yaya, gonar Inna fa?"

"Za ta bushe."

"Ke kika kafa sandar. Ke za ki faɗa mata."

"Ni zan faɗa mata," ta ce, tana kankare taɓo daga ƙafarta. "Amma tare za mu je. In ta gama yi mini faɗa, ina so ta ɗaga kai ta gan ka tsaye a bakin ƙofa."