Ragowar Malam Ɗanasabe

Tun da Jummai ta auri Malam Ɗanasabe ba ta taɓa ganin ya cinye abincinsa tas ba. Komai yunwarsa sai ya rage wani abu ya tura wa ƙaramin gida. Da can 'ya'yansu yake ragewa. Da suka girma suka watse, sai ragowar ta koma kan jikarsu Hauwa, wadda suke riƙo.

"Amarya, zo ki karɓi rabonki," in ji shi. Ita kuwa ta taho da gudu tana cewa ba ta son tsohon miji, hannunta kuma tuni yana cikin faranti.

Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Daga nan Jummai ce ta koma ba shi abinci a baki. Bayan an sallame su daga asibiti suka ci gaba da zuwa sashen gashi daga gidansu na Unguwar Sarki. A can wata ma'aikaciya, Madam Rebecca, take koya masa tsayuwa da taku tsakanin ƙarafa biyu. Sannu a hankali ƙafa ta dawo, hannu ma ya fara riƙe abu. Baki kuwa dama bai taɓu sosai ba, tsiyarsa tana nan yadda take.

Ranar da ya fara cin abinci da kansa, shinkafa da wake Jummai ta dafa. Ya ci, ya ture farantin, ga rabi ya rage. Ƙanensa Ila, wanda ya zo dubiya, ya miƙe tsaye yana dariya har da hawaye.

"Matar Yaya, kin gani? Wallahi Yaya ya dawo! Har ya tuna da amaryarsa."

Jummai ma ta yi kuka a madafa don murna.

Sai dai ita ce mai kwashe kwanuka. Da can in zai rage, nama yake tsamewa ya ajiye a gefe, ya bar loma biyu ko uku. Yanzu kuwa rabin faranti yake bari cur, a miƙe kamar an yanka da wuƙa, kuma kullum ɓangaren hagu. Bai kuma sake kiran Hauwa ba. Yarinyar ce take zuwa da kanta ta ɗauka. Jim kaɗan kuma sai ya ce:

"Jummai, wai rowa kika koya ne da ina kwance? Ɗan wannan abincin ai ko kyanwa ba zai isa ba."

Daga nan ta fara sa ido. Kafaɗarsa ta hagu kullum cikin bugun ƙyauren ɗaki take, ya yi ta yi wa kafinta faɗa. Wata rana tana zaune a hagunsa tana tsince shinkafa, dab da shi, ya ɗaga murya yana ƙwala mata kira wajen tsakar gida. Ba ta amsa ba. Ta zauna da tire a cinya tana kallonsa, har ya gaji ya yi shiru. Idonsa a buɗe yake, fes, ba abin da ya same shi.

Ana haka Ila ya zo da albishir. Makarantar kuɗin da Malam Ɗanasabe yake tuƙa wa motar ɗalibai ta ce ya dawo bakin aiki ranar Litinin. Ila har mabuɗin motar ya karɓo masa. Malam ya riƙe mabuɗin yana jujjuyawa, fuskarsa ta yi wani haske da Jummai ta manta yana da shi. Hauwa ta kama tsalle, domin a makarantar take.

"Kaka, ni a gaba zan zauna!"

"In ba amarya ba wa zai zauna a gaba?"

Jummai ta san hanyar. Daga Kawo ake kwaso yara har Rigachikun, a kan titin Zariya, inda tireloli da tankoki ba sa ɗaga ƙafa. Duk motar da za ta wuce shi, ta hagu za ta bi. Duk sanda zai hau babban titi daga lungu, hagu zai fara dubawa.

Da Ila zai tafi ta bi shi zaure.

"Ila, yayanka ba ya ganin hagunsa."

"Haba matar Yaya! Mutumin da ya hango ni tun daga bakin layi? Ke dai kin saba da shi a gida, ba ki son ya fita 'yan mata su gani."

"Ba wasa nake ba. Dubi yadda yake rage abinci."

"Yau ya fara ragewa? Don Allah kar ki karya masa gwiwa. Kin ji dai abin da likita ya ce, kar a ɓata masa rai, jininsa ya sake hawa."

Wannan ɗin ne ya ɗaure mata harshe. In ta yi magana ta raba shi da abin da ya tashe shi daga kwance, wa ya san abin da ɓacin rai zai yi masa? In kuma ta yi shiru, ga mota cike da 'ya'yan mutane.

Ranar Alhamis suka je gashi. Malam ya yi taku har ƙarshen ƙarafan ya dawo ba sanda. Madam Rebecca tana gefensa tana cewa, "Baba, juya kai, duba hagu," kamar yadda ta saba, shi kuma yana juyawa. Jummai ta daɗe tana jin wannan maganar, ta ɗauka ta motsa wuya ce kawai. Malam kuwa bai gaya wa Madam Rebecca zancen mota ba.

Madam Rebecca ta juyo wajen Jummai. "Mama, a gida fa? Akwai abin da kika lura da shi?"

Jummai ta dubi mijinta. Ɗakin cike yake da mutane, maza da mata, wasu 'yan unguwarsu ne. Shekara da shekaru ba ta taɓa faɗin kasawarsa a gaban kowa ba.

"Lafiya lau, 'yata," Malam ya riga ta. "Rowar abinci ce kawai ke damuna."

Aka yi dariya. Jummai ta sunkuyar da kai har suka fito.

A bakin titi, suna jiran abin hawa, ya saki hannunta don ya nuna mata ya warke. Ya dubi dama, ya sa ƙafa a kwalta. Wani mai a-daidaita-sahu ya taho ta hagu, ya kauce da ƙyar, madubinsa ya shafi babbar rigar Malam. Jummai ta fizgo shi baya.

"Ke lafiyarki? Za ki kayar da ni!"

"Malam, ba ka ga keken ba?"

"Wane keke?"

Ranar Asabar da rana ta dafa dambu, wanda ya fi so. Ta shimfiɗa shi a babban faranti, ta aika Hauwa maƙwabta, ta zauna a damansa inda zai gan ta. Ya ci, ya suɗe yatsu, ya ture faranti. Rabi yana nan a hagu, ko taɓa shi bai yi ba.

"Ya ƙare ke nan? Kai, Jummai."

Ta sa yatsu biyu a bakin farantin, a gaban idonsa, ta juya shi a hankali har ragowar ta dawo dama.

Malam Ɗanasabe ya ja baya kamar ya ga maciji.

"Wa ya ƙara?"

"Ba wanda ya ƙara, Malam. Tun ɗazu yana nan."

"Ƙarya ne. Na cinye."

"Kullum yana nan. Ba ragewa kake yi ba. Ba ka ganinsa ne."

Ta jira ya daka mata tsawa. Tana kallon jijiyar wuyansa, tana kallon gefen bakinsa ko zai karkace, tana addu'a a zuci. Shi kuwa farantin ya ƙura wa ido.

"Mayar da shi yadda yake," ya ce, muryarsa can ƙasa.

Ta mayar. Ya duba, ya sake dubawa. Sai ya juya kai a hankali, kamar yadda Madam Rebecca take sa shi, har dambun ya bayyana gare shi. Gumi ya keto masa a goshi.

"Innalillahi. Jummai, me kuma ban gani ba?"

"Ni," ta ce. "Da keken ranar Alhamis."

Daga maƙwabta ana jin muryar Hauwa tana wasa da yara. Ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin, ya riƙe shi a tafin hannu, sannan ya ajiye a tabarma ya ture shi nesa da shi.

"Kira min Ila."

Ranar Litinin, maimakon hanyar Rigachikun, asibiti suka nufa. Jummai ta sa farantin a jaka. Malam da kansa ya yi bayani, ita tana cike masa inda ya tsallake. Da ya ambaci motar ɗalibai, Madam Rebecca ta dafe ƙirji.

"Baba, mota? Da yara a ciki? Ai da kun gaya min!" Ta zauna kusa da shi. "Idonka lafiyarsa ƙalau. Ƙwaƙwalwa ce ta daina kula da hagu tun faɗuwar nan. Ana koya mata, kuma za mu ƙara himma. Amma tuƙi, ba yanzu ba."

"Yaushe?"

"Ban sani ba, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Ta yanko jan zare mai kauri ta manna a bakin farantin ta hagu. Ta ce kar ya ɗaga hannu daga abinci sai ya nemo jan nan da idonsa, ta ce kuma daga yau Jummai ta riƙa zama a hagunsa.

Da suka fito bakin titi, bai saki hannunta ba. Tana jin yatsunsa sun yi sanyi, suna damƙe da nata. Ya dubi dama. Ya juya kai hagu, ya juya har kafaɗa, ya tsaya yana kallon motocin da ke tahowa. Hanya ta buɗe, amma bai motsa ba.

"Jummai, ke ma duba min," ya ce.